Lambobin da Mantau ta Cire

Tun tana ƙarama ake kiranta Mantau, kuma ba wanda ya taɓa cewa an zalunce ta da sunan. Ita ce za a aika sayen ashana ta dawo da labarin magen da ta haihu a bayan shago, ashana kuwa sai an sake aiken wani. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu mata, sunan yana biye da ita. Mijinta, mai gyaran wutar lantarki ne, ya ɗaura wa makullinta jar igiya mai tsawon kamu biyu, duk da haka sau uku ana fasa kwaɗon gidan.

Shekara shida ta yi tana aiki a wani shagon wanki da guga, a kan kanta, wato teburin karɓar kaya. Mutum ya kawo kaya ta ƙirga, ta rubuta a littafi, ta yanko 'yar takarda mai lamba ta maƙala wa kowace riga da fil ta cikin wuya, ta ba shi rasit mai wannan lambar. Bayan teburin akwai dogon ɗaki mai layin ƙarfe huɗu, inda ake rataye kayan da aka gama, cikin leda, bisa jerin lambobi. Can ƙurya kuma injinan wanki ne da teburin Baba Mai Guga, dattijon da ya riga kowa zuwa shagon. Littafin ba ya faɗin komai ban da "riga uku, wando biyu". Farar riga kaɗai a ɗakin nan ta fi ɗari. Lambar ce ke raba ta wane da ta wane.

A wata guda Mantau ta maƙala lambar da ba ita ba har sau huɗu. Na ƙarshen, kwat ɗin wani ta ba wani, ya sa ya yi tafiya da shi. Manaja ya kira ta ofis ya tura ƙofa.

"Kin san ina ganin mutuncinki," ya ce. "Amma in aka sake, ba ni zan yanke hukunci ba. Masu shagon ne."

Ranar da yamma ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba. Babbar 'yarta, mai shekara goma sha huɗu, ta zo ta miƙa mata waya. Wani bayani ne a kan mutanen da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, an jero alamomi goma sha biyu.

"Mama, karanta. Ke ce nan daga sama har ƙasa."

Ba ta iya karantawa har ƙarshe ba, sai yarinyar ce ta ƙarasa mata. Bayan mako biyu ta je asibiti ita kaɗai.

Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya yi mata tambayoyi sun fi awa guda, tun daga makaranta har aure. Sai dai a aljihun rigarsa akwai tabon tawada, shuɗi, ya riga ya bushe. Tun da idonta ya sauka a kai ta fara lissafin yadda za a fitar da shi, ko sai an jiƙa shi tukuna, ko wani ya riga ya goge shi da zafi ya kama. Tana cikin haka ta ji ƙarshen wata doguwar tambaya.

"...a danginku, ko uba ko uwa ko 'yan'uwa?"

Kunya ta hana ta cewa ya maimaita. Tun farkon zaman sau uku tana sa shi maimaici.

"A'a," ta ce. "Babu."

Ya rubuta. Ya ba ta wata 'yar ƙwaya ta sha kowace safiya, ya ce idan ta ga barcinta ya ragu sosai amma ba ta jin gajiya, ko magana ta yi mata yawa, ta dawo nan take, kada ta jira ranar da ya sa mata.

Safiyar farko, wajen ƙarfe tara, tana tsaye a wurin karɓar kaya ta ji wani shiru ya sauko mata. Ba ta taɓa sanin cewa kanta cike yake da rediyo goma a kunne ba sai da aka kashe su. Wata mata ta kawo labule tana bayani, Mantau ta saurare ta tun daga farkon magana har ƙarshe, ta rubuta, ta maƙala lamba, ta ba ta rasit. Da matar ta fita sai ta shiga banɗaki ta yi kuka, don ta gane ashe haka sauran mutane suke rayuwa kullum, a kyauta.

Wata biyu ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta daina ƙona abinci. Ta je taron iyaye a makarantar yara a ranar da aka sa, ba washegari ba. Baba Mai Guga ya leƙo daga bayan tururinsa ya ce, "An sace mana Mantau, an kawo mana Tunau. A dai bar mana wannan ɗin." Manaja ya ba ta makullin shago, ita ke buɗewa da safe. Ta koma wurin likita ta ce komai daidai, sai dai da la'asar ƙarfin maganin yana sakinta. Ya ɗan ƙara mata.

A wata na uku ne barci ya fara ja da baya. Awa biyar, awa huɗu, sai uku, kuma ta tashi garau kamar ta kwana biyu tana hutawa. Ta tuna maganar likita sarai, don yanzu ba ta mantuwa. Ta tuna, ta auna, ta ga idan ta faɗa ƙwayar za a karɓe. Ta hango kanta ta koma tsohuwar Mantau, tana laluben jaka a gaban mutane, Manaja yana tura ƙofar ofis. Ta ja bakinta ta yi shiru.

"Maman yara, yaushe rabonki da barcin kirki?" mijinta ya tambaye ta wata safiya, ganin ta wanke tagogin gidan duka kafin ya tashi.

"Shekara ashirin kana cewa ba na gama abu. Yanzu ina gamawa kuma ya zama laifi?"

"Ni ban ce laifi ba ne."

"To me ka ce? Faɗi mana. Ka fi son ni a yadda nake da, kana ɗaura mini igiya kamar akuya, kana dariya da abokanka."

Bai taɓa jin irin wannan daga bakinta ba. Ya ɗauki akwatin aikinsa ya fita.

A shago magana ta riƙa zubo mata, wata na hawa kan wata. Da farko masu kawo kaya suna dariya, daga baya suka koma duban agogo. Rediyon nan goma sun dawo, amma yanzu duk abu ɗaya suke faɗa, kuma da daɗi: ita ta fi kowa gane aikin nan. Ta duba dogon ɗakin ta ga lambobin nan wauta ce. Me ya sa za a mai da mutum lamba, alhali ita ta san kowace riga da mai ita? A jera kaya launi-launi, mutum na shigowa ta dube shi ta miƙo masa nasa. Daga nan a buɗe reshe a kowane titi, ita ta koya wa ma'aikata. Ta tsare Manaja a bakin ƙofa ta zayyana masa, har da zane a bayan rasit.

"Bari mu gani," ya ce, yana ja da baya.

A kunnenta wannan amincewa ce.

Ranar hutu, da sassafe, ta ce wa yaran za ta je ta dawo. Ta buɗe shago ta shiga ta kunna fitilu duka. Ta fara daga layin farko: ta ɗaga leda, ta zare fil, ta jefa takardar a bokiti. Hannunta yana gudu kamar ba nata ba. Kaya ɗari huɗu da wani abu, kafin rana ta take ta gama da su. Don kada wani ya yi sha'awar komawa tsohon tsari, ta tara ruwa a bokitin ta zuba sabulu ta dama, har takardun suka zama kunu.

Sannan ta shiga jeri. Farare a gaba, sai ruwan madara, sai rawaya, ruwan goro, ja, kore, shuɗi mai haske zuwa mai duhu, baƙaƙe a can ƙarshe. Ta raba riga da wandonta, ta raba kwat da 'yar cikinsa, kowanne ya bi launinsa. Da ta ja baya ta duba, ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar ɗakin nan ba.

Da la'asar Baba Mai Guga ya biyo ta titin, ya ga fitilu a kunne ya shigo. Ya daɗe a tsaye yana kallon layukan. Ya leƙa bokitin. Ya ɗaga ledar wata riga ya duba wuyanta, ya ɗaga ta kusa da ita.

"'Yata, ina lambobin?"

"Suna nan," ta ce, ta nuna goshinta. "Gwada ni, Baba. Ɗauko kowace."

Ya zaro wata shuɗiyar riga. Ta faɗi mai ita, malamin nan mai gilashi, kuma ta faɗi daidai. Ya zaro wani siket, ta sake faɗa daidai. Ya shiga cikin fararen ya zaro ɗaya.

"Ta mai kantin magani ce. A'a, ta ɗan'uwansa. Ta direban nan ce dogo. Kai ma ka sani, so kake ka rikita ni. Dukanku haka kuke, ba ku son a ci gaba."

"Haka ne," ya ce a hankali. "Bari in sha iska in dawo."

Ta gilashin ƙofa ta hango shi da waya a kunne. Ta ja ƙofar ƙarfe ta datse ta ciki, ta sa sakata sama da ƙasa.

Mijinta ya iso cikin rabin awa. Ya yi magiya ta tsakanin ƙarafunan, ya yi faɗa, ya koma magiya. Ita kuwa ta jona dutsen guga tana sake goge kayan da aka riga aka goge, tana ba shi amsa ba tare da ta juyo ba, daga zancen rassan shago ta faɗa zancen makarantar da za ta gina wa yaran. Ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya bushe, tun jiya ba abin da ta ci. Can ƙasan zuciyarta wani abu yana son ya zauna, amma jikin ya ƙi. Ko ta ce bari ta yi shiru, sai ta ji bakin ya riga ta.

Sai ga Yaya, babbar yayarta da ta girme ta da shekara goma sha biyu, wadda ta ƙarasa rainonta bayan rasuwar iyayensu. Ta kama ƙarfen ƙofa ta saurara na ɗan lokaci. Mantau ta ji ta tana ce wa mijin, murya ƙasa-ƙasa, "Irin na Babanmu ne. Daina yi mata gardama." Sannan ta ɗaga murya kaɗan.

"Ƙanwata, an ce kin yi wani jeri mai kyau. Ni daga nan ba na gani, idona ya yi rauni. Buɗe ki nuna mini."

Duk yinin nan ba wanda ya nemi ya gani. Ta zare sakata. Ta kama hannun Yaya ta bi da ita layi-layi tana bayani, Yaya tana cewa "lallai", "ai kuwa", ba ta saki hannun ba har suka zagayo bakin ƙofa, har cikin motar da mijin ya tsayar.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti. Na farkon ba ta riƙe komai a cikinsu ba sai wata taga da ba ta buɗuwa, da yadda ta riƙa bin ma'aikatan jinya tana roƙon su ara mata waya ta kira Manaja. An tsayar da ƙwayar, aka sa ta a kan wasu magunguna biyu. A kwana na huɗu ta yi barcin awa goma sha huɗu. Da ta farka ta tuna bokitin, ta ja bargo ta rufe fuskarta.

Ranar sallama likitan ya zaunar da su ukun, ita da mijinta da Yaya. Ya tambayi Yaya zancen mahaifinsu.

"Sau uku na gani da idona," Yaya ta ce. "Ya yi mako ba barci, yana waƙa, yana shirya abin da ya fi ƙarfinsa. Daga baya ya kwanta wata biyu ko magana ba ya yi. Akwai lokacin da ya ciccire ƙofofin gidanmu duka, wai zai sassaƙa sababbi."

Mantau ta ɗago kai. Wannan makon ta san shi. Tana 'yar shekara biyar, gida a buɗe ko'ina, iska na ratsawa, Babansu yana ɗora ta a kan ƙyaure yana jan ta a tsakar gida kamar mota. Duk cikin ƙuruciyarta ba makon da ta fi so kamarsa.

"Ciwo ne wannan?" ta ce.

"Ke kina dariya, mu muna kwana a zaune. Mama ce ta ce kada a gaya miki. Da ya rasu kuma sai na ga ba amfanin tonowa."

Likitan ya ce yawancin masu shan ƙwayar nan ba abin da ke samunsu, tana taimakonsu ƙwarai. Amma wanda yake da irin wannan ciwon a jini, tana iya tayar masa da shi, shi ya sa ake tambaya tun farko.

"Ka tambaye ni," ta ce. "Ban ji tambayar ba. Tawadar aljihunka nake kallo."

Ya dubi aljihun, ko da yake wata rigar ce daban. "Ni ma kamata ya yi tun farko in nemi ki zo da wani babba daga gida," ya ce.

"Yaushe za a mayar mini da ƙwayar?"

"Ba yanzu ba. Sai kin daidaita na tsawon watanni, sannan mu duba. Wataƙila kaɗan, tare da waɗannan. Wataƙila wani maganin daban. Ba zan yi miki alkawari ba."

A gida ta tarar an canja mata zama. Magungunan suna hannun mijinta, shi ke ba ta safe da dare, ya tsaya har ta haɗiye. Babbar 'yar ta manna takarda a jikin firij tana rubuta awannin barcinta, ba ta yarda su haɗa ido, don a ganinta ita ta jawo da ta miƙa wayar nan. Yaya ta tare a ɗakin yara da jakarta. Ba mai yi mata tsawa, kowa lallaɓa ta yake, kuma wannan ya fi tsawa ciwo.

Wata rana ƙaramar ta kwaikwayi tafiyar malaminsu, Mantau ta tuntsire da dariya. Tana cikin dariyar ta ga mijin ya dubi Yaya, Yaya ta dubi takardar firij. Nan take ta daina dariyar. Daga ranar ta koyi auna kanta. In za ta yi magana sai ta ja ta a hankali. In waƙa ta zo mata a wurin wanke-wanke sai ta haɗiye. In ta yi sha'awar matsar da kujera daga wannan bango zuwa wancan sai ta bar ta inda take. Ita kanta ta daina sanin wane farin ciki ne nata, wane ne na ciwon.

Mantuwa kuma ta dawo da kayanta duka, ta tarar da nauyin sababbin magunguna. Hannunta yana ɗan rawa. Ta ɗora ruwan shayi ta tafi shanya, sai ƙauri ya kira ta. Da can in ta yi irin wannan, dariya take yi, don ba ta san akwai wata rayuwar ba. Yanzu ta sani.

Ranar wata Talata, Yaya ta fita kasuwa, mijin ya dawo ɗaukar wani abu ya same ta durƙushe a gaban tsohon akwatin aikinsa, ta zazzage wayoyi da kusoshi a ƙasa.

"Me kike nema?"

Ba ta yi ƙarya ba. "Sauran ƙwayar. Akwai kusan goma a kwalbar."

"Na mayar musu tun kina asibiti."

"Rabi kawai nake so. Na yini ɗaya. In ji shirun nan sau ɗaya, in tuna yadda yake."

Ya durƙusa kusa da ita yana tsince kusoshin ɗaya bayan ɗaya. "Ni ma na so matar nan ta wata biyun farko," ya ce. "Amma ni na tsaya a bayan ƙofar ƙarfen nan awa uku ina kiranki, kina kallona kamar ba ki san ni ba. Ba zan iya sakewa ba."

Ta taya shi tsincewa. 

Bayan mako uku Manaja ya kira. Ya ce masu kaya da yawa sun zo sun gane nasu, amma saura kusan ɗari da arba'in, yawanci farare da baƙaƙe, kuma har an yi cacar baki a kan wasu. Ko za ta iya zuwa ta duba?

Yaya ta raka ta. An rushe jerin launin, an tara ragowar a layi biyu. Wata sabuwar ma'aikaciya ce a kan kanta. Mantau ta tsaya a gaban fararen rigunan nan, ta nemi sanin da take taƙama da shi ranar, ta tarar babu ko ɗigo. Riguna ne kawai, duk iri ɗaya.

Wata mata da ta zo neman kayan mijinta karo na uku ta dube ta sama da ƙasa. "Ita ce wannan?" ta tambayi Manaja, kamar Mantau ba ta wurin. "Kuma kuka bar ta ta sake shigowa?"

"Ki yi haƙuri," Mantau ta ce. "Ba ni da lafiya ne lokacin."

"Haƙuri zai sa ya tafi aiki?"

Baba Mai Guga ya ajiye dutsensa ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya riƙa zaro rigunan ɗaya-ɗaya yana cire leda yana miƙa mata, ba ya tambayar komai. A ta bakwai idonta ya sauka a kan wata 'yar ƙuna a bakin hannu.

"Wannan ta mutumin nan ce mai tari, wanda ke ajiye babur a kan hanya. Ranar da ya kawo ta ina kallon ƙunar har na manta ban ba shi rasit ba."

Aka duba littafi, aka kira shi, tasa ce. Wata kuma maɓallinta na uku an ɗinke shi da baƙin zare, ta tuna matar da ta kawo ta tana goye da jariri mai hula ɗaya ja. Duk abubuwan da idonta ya saba tsayawa a kai lokacin da ya kamata ta kula da aiki, su ne suka rage mata. Kwana uku tana zuwa, ta gano masu talatin da ɗaya. Sauran ba ƙuna, ba tabo, ba abin da ido zai kama. Shagon ya sasanta da masu su yadda ya iya.

Ba a kore ta ba. Manaja ya ce ya yi magana da masu shagon, sun yarda ta zauna, amma ba a wurin karɓar kaya ba. Ta ciro makullin daga jaka ta ajiye masa a tebur tun kafin ya tambaya. Aka mayar da ita ƙurya, tsakanin injinan wanki da bango, tana ninke zannuwan gado na wani masauki da ke kawo su buhu-buhu. Duk farare ne, duk na mutum ɗaya, ba lamba ba rasit. Wurin ba taga. Daga safe zuwa yamma injin yana juyawa, ita tana haɗa kusurwa da kusurwa. In an buɗe ƙofar gaba takan jiyo muryar wani da ta sani yana tambayar sabuwar ma'aikaciyar ina mai surutun nan take.

Yaya ta koma gidanta a wata na biyu. A wata na huɗu Mantau ta je ganin likita, karo na farko da aka bar ta ta tafi ita kaɗai. Ta kai masa takardun barci, awa bakwai, awa takwas, ba tsallake. Ta amsa tambayoyinsa a hankali, inda ba ta ji ba ta ce ya maimaita. Daga ƙarshe ta yi tambayar da take yi kowane zuwa.

"Kina samun sauƙi sosai," ya ce. "Mu ƙara wata uku mu gani."

"Wancan karon ma wata uku ka ce."

"Na sani."

Ta karɓi takardar magani ta ninke ta sa a jaka. A motar haya ta samu wuri kusa da taga. Wani mutum a gabanta yana riƙe da agogon bango a cinyarsa, ba leda ba kwali, ta shiga tunanin ko gyara zai kai shi ko kyauta aka ba shi, da yadda zai sauka da shi a wannan cunkoson. Da ta farga motar ta wuce unguwarsu da tasha huɗu. Wayarta kuma tana gida a kan firij.

Ta sauka ta dawo da ƙafa. Tafiyar ta ɗauke ta kusan awa guda. Tun daga kan kwana ta hango mijinta a ƙofar gida, yaran biyu a bayansa, yana riƙe da wayarsa da tata.

"Ina kika tsaya?"

"Wuce tasha na yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mantawa na yi in sauka."

Ya matso yana duban idonta, yana sauraron saurin numfashinta. Ƙafafunta suna zafi, tana son ta shiga ta zauna. Ta sauke jakar a ƙasa, ta tsaya cik, ta bar shi ya gama dubawa.